Boka Sau Uku a Shafi Ɗaya

Saura kwana uku mu bar gidanmu na unguwar Hindawiyya, Yaya ya jawo akwatin Baba daga ƙarƙashin gadon Umma. An riga an shafa jan fenti a bangonmu kamar yadda aka shafa wa kowa a layin, alamar rusau ya iso kanmu. Rabin maƙwabta sun kwashe, an ciccire ƙofofi da tagogi, kyanwoyi na shiga gidajen mutane suna fita yadda suka ga dama. Mun sami ɗaki biyu a hawa na uku can wajen unguwar Bani Malik, motar kaya kuma za ta zo ranar Alhamis da safe. Ranar Litinin ce, bayan la'asar, kowa a gajiye, kowa ransa a kusa.

A wannan gidan aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya haye teku ya yi aikin Hajji, bai sake komawa ba. Sana'arsa gyaran littattafai ce a bakin tsohon gari, ya ɗinke wanda ya ɓalle, ya yi wa wanda ya tsufa sabon bango na fata. Tun rasuwar Baba ba wanda ya taɓa akwatin. Da Yaya ya buɗe, muka tarar da jallabiya biyu, da kwalbar tawada da ta bushe, da littattafan rubutu guda uku irin na 'yan makaranta cike da rubutun hannun Baba, sai kuma wata ƙaramar gafaka naɗe a cikin farin ƙyalle.

Ni na san gafakar. Ina ƙarama Baba ya taɓa nuna mini littafin da ke ciki, ya ce wani alhaji ne daga ƙasashen Magrib, can wajen Maroko, ya kawo wa Kaka gyara, ya wuce Makka, bai dawo ba. Kaka ya ajiye shi amana har ya rasu, Baba ya karɓa ya ci gaba da ajiya. Na tambaye shi me aka rubuta a ciki. Ya ce, "Ajami ne, amma ba namu ba." Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Yaya bai san wannan ba, don shi ba ya zama a gaban Baba lokacin karatun ajami. Ya girme ni da shekara biyar, makarantar Larabci ya yi tsantsa, yana aiki a shagon kayan gyaran mota. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, mai tsoron hukuma, kuma idan ya kafe a kan abu sai dai ka gaji ka bar shi. Yana jin Hausa daidai gwargwado, amma a bakinsa tana kama da tsohuwar mota, sai an tura take tashi. Ana yi masa magana da Hausa, yana mayarwa da Larabci.

Ya zare littafin ya buɗe. Takardun sun yi ja, gefensu ya cinye, amma rubutun na nan raɗau, kowane harafi da wasalinsa. Ya karanta bisimilla lafiya lau. Daga nan ya fara tuntuɓe. Ya haɗa baƙi, ya furta, ba ma'ana. Can sai ga kalmar da muka sani, annabi. Ya ci gaba da tuntuɓe, sai ga aljanna. Ya juya shafi, sai ga addu'a. Umma da ke ninke zannuwa ta ce ai wataƙila Hausar mutanen da ce, wadda ta yi mana nisa. Yaya ya ci gaba da bin layukan. Ya ɗora yatsa a wani layi, na ga wuyansa ya sanƙare.

"Ta'ali, zo ki gani," ya ce da ni. "Esh hada? Mene ne wannan? Karanta."

Na leƙa. Ba, da rufu'a, sai kaf da fataha. Na karanta a zuciyata, na ƙi furtawa.

"Boka," in ji shi. Ya gangaro da yatsa. "Boka." Ya sake gangarowa. "Boka. Sau uku a shafi ɗaya. Wannan kalma dai na san ta."

Ya ajiye littafin a ƙasa, ya goge hannunsa a jikin rigarsa. Ya ce haka ake rubuta sihiri, a sa sunan Allah da na Annabi a sama don a rufe idon mutane, a jera sunayen aljannu a ƙasa. Na ce masa ƙarya ne, Baba ya ce amana ce. Ya ce amanar wa, ina mai ita? Na ce bai san abin da aka rubuta ba. Ya ce ni na sani? Ni ma ban sani ba, kuma wannan ya ƙona mini rai fiye da maganarsa.

"Ki yi tunani," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa don kada a ji a waje. "Ranar Alhamis kayanmu za su baje a titi. Masu ɗauka, direba, mutanen sabon gida, kowa na kallo. Akwati ya faɗi ya buɗe, wani ya ga wannan a hannun Takaruni, halas. Kin san abin da ake faɗa a kanmu. Kafilina da ya tsaya mini a wurin hukuma ya ji, ina iƙamata? Ina taki?"

Ba zan zalunce shi ba, a nan bai yi ƙarya ba. Mu baƙaƙen da aka haifa a garin nan, waɗanda ake kira Takaruni, mun tashi muna jin ana cewa mu ne masu asiri. Zargin sihiri kuma ba abin wasa ba ne a nan, ba ya tsayawa a tsegumin maƙwabta. Ni kaina da na sake kallon kalmar, gabana ya faɗi. Amma abin da yake faɗa a fakaice shi ne Baba da Kaka sun kwashe shekaru da kayan tsafi a ƙarƙashin gado, wannan kuwa ba zan iya haɗiye shi ba.

Umma ba ta yi wa Yaya magana kai tsaye, ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, idan tana da saƙo sai ta faɗa wa bango ko ta faɗa mini. Ta ci gaba da ninke zanenta, ta ce, "A faɗa masa mahaifinsa bai taɓa taka ƙofar boka ba."

Yaya ya ce shi bai zargi kowa ba, wataƙila ba su sani ba ne. Amma ranar Laraba bayan la'asar zai yi tofi a ruwa ya narkar da littafin, kamar yadda ake yi wa irin waɗannan takardu. Ya mayar da komai akwati ya tura ƙarƙashin gado da ƙafa.

Washegari da safe, yana fita na ɗauke gafakar. Na cusa ta a ƙasan jakata, na rufe da ledojin lalle da tsumma. Aikina ke nan, ƙunshi nake yi a wani shagon gyaran jikin mata. Ban san wurin wa zan kai littafin ba, na dai san ba zan bar shi ya shiga bokiti ba. A hanya tasi ɗinmu ta tarar da layin motoci, ana duba takardu. Iƙamata, katin izinin zama a ƙasar, lafiyarta ƙalau, amma na ji kamar jakar tana ƙara nauyi a cinyata. Jami'in ya karɓi katin, ya duba, ya miƙo mini, ya ce yalla, mu wuce. Ko kallon jakar bai yi ba. Sai da muka yi nisa na lura na ciji leɓena har ya fashe.

A shagon akwai wata abokiyar aikina 'yar Maroko, mai gyaran gashi, daga wani gari na bakin teku a arewacin ƙasarsu. Mun saba, muna cin abinci kwano ɗaya, muna zagin masu kawo amarya a makare tare. Tunda Baba ya ce mai littafin daga wajensu ya fito, da hantsi da ba kowa na ja ta ɗakin baya na nuna mata. Ta jujjuya, ta ce hannun irin nasu ne na da, ga fa da ɗigo a ƙasa, ga ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Amma ba Larabci ba ne, ba kuma yaren mutanen duwatsunsu ba. Ta miƙo mini, ta ce in yi haƙuri, ta koma tana wanke matatai a famfo.

Na zauna a kan buhun tawul, takaici ya ishe ni. Sai na tuna yadda Baba yake dungure mini kai idan na zura wa allo ido ina shiru. Yakan ce ajami ba a karanta shi da ido, a baki ake sa shi, kunne ne zai gaya maka kalmar. Na buɗe shafin nan na Yaya, na fara furtawa da ƙarfi, harafi da wasali, ba tare da na san me nake cewa ba. Na yi layi biyu, na ji an kashe famfo.

"Sake," ta ce. "Sake wannan na ƙarshen."

Na sake. Akwai agwa a ciki, akwai manosh.

Ta juyo hannunta na ɗigar da ruwa. "Ci gaba, ya ukhti, ci gaba."

Na ci gaba har na iso wurin. Na ce, "La boka."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa bango. Ni kuwa na ji kamar in mare ta. Ta ce wallahi Sifaniyanci nake yi, irin na tsohuwar da ba ta da haƙori. Su a garinsu kowa na jin yaren, tun suna yara suke kallon talabijin ɗin mutanen tsallake. Agwa ruwa ne. Ta ɗaga hannuwanta biyu, ta ce manosh. Sannan ta ɗora yatsa a leɓenta.

"Boka," ta ce. "Baki ne kawai. Bakin da kike cin abinci da shi."

Muka bi shafin tare, ni ina furtawa, ita tana kamo abin da ta iya, don yaren ya tsufa, wasu kalmomin sun fi ƙarfinta. Ta wanke hannu a iska, ta kurkure baki, ta shaƙa ruwa a hanci. Da muka zo kan kara, wadda ni na ɗauka karan dawa ne, ta shafi fuskarta. Babin alwala ne. Boka ta farko a kurkure baki, ta biyu a yi asuwaki, ta uku addu'ar da ake yi wa bakin. Na yi dariya, na yi kuka, na zagi Yaya a gabanta da Hausa, ita ba ta ji ba amma ta ce amin.

Ta ce tana da kawu, tsohon malamin makaranta a ƙasarsu, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan tsofaffin takardu. Muka ɗauki hoton shafi goma muka tura masa. Ya ce a ba shi zuwa gobe da azahar.

A nan na yi kuskurena, kuma har yau ban yafe wa kaina ba. Da a ce na koma gida da yamma na gaya wa Yaya boka baki ne, da shi ke nan. Amma ni ba kalma ɗaya nake so in kai masa ba. So nake in zo da hujja cikakkiya, da muryar malami, in kayar da shi a gaban Umma yadda ba zai tashi ba. Na kulle littafin a durowata ta shago, na koma gida, na ci tuwo kusa da shi ban ce uffan ba.

Ranar Laraba da azahar kawun ya kira. Muka shige ɗakin baya, ta sa wayar a tsakaninmu. Ya fara da tambayar a ina muka sami wannan. Sannan ya ba mu labari da Larabci mai sauƙi don in fahimta.

Ya ce bayan mulkin Musulmi ya ƙare a Andalus, ƙasar masu wannan yaren, akwai waɗanda suka rage a garuruwansu da gonakinsu. Aka tilasta musu barin addini, aka hana Larabci, 'ya'yansu suka tashi ba su jin komai sai yaren ƙasar. Malamansu suka ga yara za su girma ba su san yadda ake alwala ba. Sai suka zauna suka fassara surori da hukunce-hukuncen salla da addu'o'i zuwa Sifaniyanci, amma suka ƙi sakin haruffan, suka rubuta da baƙaƙen Larabci. Wasu kalmomin kuma suka bar su yadda suke, ba su yarda su musanya su ba, irin su annabi da aljanna. Na ce masa ai mu ma haka muke faɗarsu, da alif da lam ɗin a manne. Ya yi dariya, ya tambaye ni me muke kiran rubutunmu. Na ce ajami. Ya ce su ma sunan da suke kiran nasu ke nan.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Yaya ne. Na katse.

Kawun ya ce a wancan zamanin, a kama mutum da takarda mai waɗannan haruffa ya isa a gurfanar da shi, ko da masu kamun ba su san me ke ciki ba. Don haka suke binne littattafan a bango da ƙarƙashin daɓe, wasu sai bayan ɗaruruwan shekaru aka gano su, da aka zo rushe tsofaffin gidaje. Daga baya aka kore su gaba ɗaya, suka watsu a Tunis da Maroko da sauran garuruwan bakin teku. Masu ilimin cikinsu wasu suka zama tafintoci a fadar sarakuna, suna juya wasiƙu da manyan littattafai daga wannan harshe zuwa wancan. Amma irin wannan ƙaramin, in ji shi, ba don sarki aka yi shi ba. A shafin farko marubucin yana cewa ya juya shi ne saboda mutanen gidansa da ba sa jin Larabci, yana kuma neman gafarar Allah idan ya yi kuskure.

Wayata ta sake ƙara, ta kuma sakewa. Na kashe ta gaba ɗaya. Na roƙi kawun ya maimaita bayanin a saƙon murya, ya yi.

Na isa gida ana fitowa daga sallar la'asar, gafaka a hannu, baki cike da magana. Ina shiga tsakar gida na ga shuɗin bokitinmu na wanki a tsakiya. Yaya na tsugune a gabansa, ya naɗe hannun riga. Ruwan ciki baƙi ƙirin, farar takarda ta dagargaje tana yawo a sama kamar gasarar koko. Akwatin Baba na gefe a buɗe.

"Ina kika kai shi?" ya ce. "Sau uku ina kiranki."

Ban ma fahimci abin da nake gani ba tukuna. Na buɗe shafin, na nuna masa, na kama leɓena da yatsu na ce ga bokanka nan, baki ne, babin alwala ne. Na kunna masa muryar kawun. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Nasarar da na kwana biyu ina tanadi ta zo, sai dai idona ya ƙi barin bokitin.

"Yaya," na ce, "me ka sa a ciki?"

Ya ce ya dawo da rana ya tarar littafin ba ya nan, ya kira ni na ƙi ɗauka, sai ya ce to bari ya gama da sauran kafin su ma in sace su. Littattafan Baba guda uku. Ya buɗe na farko, irin rubutun ne, kuma ya ga an rubuta aljannu ƙarara. Sauran biyun bai ma buɗe ba.

Tun ranar Litinin ban tuna da su ba ko sau ɗaya. Ni na san Hausa ce, hannun Baba ne, ban taɓa kawo wa raina cewa a idon Yaya duk abu ɗaya ne ba. Baba da alƙalamin kara da tawada yake rubutu, irin wadda ruwa ke ɗaukewa nan take.

Umma ta shigo a lokacin, daga sallama da wata maƙwabciya, ta ji ƙarshen maganarsa. Ta dubi akwatin, ta dubi bokitin. Ta zauna a bakin ƙofa ba tare da ta cire mayafi ba. Bango ta fuskanta ta yi magana.

"A faɗa masa, biyun farko nawa ne. Da aka kawo ni garin nan ba na jin Larabci, mahaifinsa ya rubuta mini ma'anar surorin da nake salla da su. Aljannun da ya gani, na ƙarshen Ƙul a'uzu ne, daga aljannu da mutane." Ta gyara mayafinta. "Na ukun nasa ne. Da mahaifinsa ya ga yana amsa mana da Larabci, sai ya fara tara masa kalmomin Hausa, kowace da Larabcinta a ƙasa. Ya ce wata rana zai so ya ji maganar uwarsa sosai. Bai gama ba ya kwanta ciwo. Sunansa na shafin farko. Ni kuma na kasa miƙa masa."

Yaya ya kama rabi, rabi ya wuce shi. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Esh galat?" Me ta ce?

Na fassara masa. Ban rage ko kalma ba, kuma ban yi don in rama ba, fushina ya riga ya mutu. Da na zo kan na ukun sai da na maimaita masa.

Ya tsoma hannu biyu a bokitin yana lalube. Ya ɗebo dagargajen takarda ya baza a tafinsa, ya duba, ya sake ɗebowa. Ba harafi ko ɗaya. Ya ci gaba da yi, ruwan na fantsama a farar rigarsa, har na kasa kallo.

"Bari haka, ɗana," in ji Umma. "Tashi ka wanke hannunka."

Ba bango ta faɗa wa ba, shi ta kalla. A iya rayuwata ban taɓa jin ta kira shi haka ba. Wannan karon bai juyo ya tambaye ni me ta ce ba.

Ranar Alhamis motar kaya ta zo. Yaya da kansa ya ɗauki gafakar, ya sa ta a cikin rigarsa, ya zauna gaba kusa da direba. Littafin mutanen Andalus yana wurina har yanzu, ko shafi ɗaya bai ɓata ba, muna jiran mai shi kamar yadda Kaka ya jira. Na Baba kuwa, abin da ya rage bango uku ne na kwali da ruwa bai cinye ba, Umma ta shanya su a tagar sabon gida.